Gashin Da Ya Sha Rilaksa: Me Ke Karya Shi Kafin Lokacin Sabon Shafi?

Duk da yayin komawa ga gashi na asali da ya shigo a 'yan shekarun nan, har yanzu mata da yawa a Kano da Kaduna da Abuja da sauran biranenmu, musamman ma'aikata da ɗalibai, ba su rabu da man miƙar da gashi ba, wato rilaksa, wanda wasu kan kira shamfo ko da yake ba sabulun wanke kai ba ne. Dalilinsu a fili yake. Macen da za ta shirya yara, ta kama hanya, ta isa ofis ƙarfe takwas, tana bukatar gashin da za ta taje cikin minti biyu ta ɗaure ta ɗora kallabi. Sai dai akwai kukan da kusan duk mai amfani da man nan ke yi, wato gashinta ya ƙi tsawo. Shekara biyar tana zuwa salun, amma yana nan inda yake, iya wuya, gefen goshi ya soma ja da baya, ƙeya kuma ta guntule.

Maganar gaskiya ita ce gashin yana tsawo. Binciken da masaniyar nan Loussouarn ta wallafa a 2001 kan gashin 'yan Afirka ya nuna cewa yakan ƙaru da ɗan abin da bai kai santimita 1 ba a kowane wata. Idan aka yi lissafi, wajen santimita 10 ke nan a shekara, kusan rabin mita a shekara biyar. To ina wannan rabin mitar ya shiga? Amsar tana cikin mataji, da kan matashin kai, da ƙasan banɗaki. Abin da saiwa ke fitarwa, shi ne baki ke zubarwa, shi ya sa mai gashin take ganin kamar ya tsaya cik.

Kafin a fahimci dalilin wannan karyewa, ya kamata mai karatu ya san abin da man yake yi wa gashi. Asalinsa daga baƙaƙen fatar Amurka ya fito. Ana danganta ƙirƙirarsa ga Garrett Morgan, wani mai gyaran keken ɗinki a birnin Cleveland, wanda ya lura cewa wani ruwan sinadari da yake gwadawa don allurar keke yana miƙar da gashi, har ya kafa kamfanin sayar da shi a 1913. Daga baya, a shekarun 1950, kamfanin George Johnson na Shikago ya fito da Ultra Sheen, wanda ya shigar da man cikin shagunan gyaran gashin mata. Daga can ya tsallako teku ya iso mana.

Shi silin gashi an gina shi ne da wani furotin mai suna keratin, kuma abin da ke riƙe da zaren keratin ɗin nan, ya ba gashi ƙarfinsa da murɗewarsa, wasu ƙulle-ƙulle ne na farar wuta. Aikin rilaksa shi ne ya ɗaga ɓawon silin, ya kutsa ciki, ya tsinka wani kaso na waɗannan ƙulle-ƙullen, sannan a miƙe gashin ya zauna a haka. Wanda ya tsinke kuwa ba ya komawa yadda yake har abada. Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town da abokan aikinta sun auna wannan a 2010, suka tarar sinadarin sistin, wanda shi ne ke ɗauke da ƙullin farar wutar, ya ragu sosai a gashin da aka shafa wa man, idan aka kwatanta da wanda ba a taɓa ba. Ashe ke nan santsin da ake gani, da ƙarfin gashin aka saye shi. Babu wani mai ko kwandishina, komai tsadarsa, da zai mayar da abin da aka cire. Iyakar abin da kulawa za ta iya shi ne ta hana ragowar ƙarfin salwanta.

Sinadarin da ke wannan aiki kuwa ba baƙo ba ne a gidajenmu. A cikin nau'in da masu salun suka fi amfani da shi, soda ce, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, wadda kowa ya san ba a taɓa ta da hannu tsirara. Ɗaya nau'in, na cikin kwali wanda ake zuba wa wani ɗan ruwa a gauraya, an rubuta a jikinsa cewa babu soda, kuma mutane da yawa sun ɗauka mai sanyi ne. A 2019 masu bincike a Afirka ta Kudu sun auna nau'o'i 121 na man da ke kasuwa, masu soda da marasa soda har da waɗanda aka zana wa hoton yara, suka samu dukkansu sun haura 11.5 a ma'aunin pH, matakin da ke iya cin fata. Gashi da fatar kai kuwa a tsakanin 4.5 da 5.5 suke zaune, kuma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Bugu da ƙari, na kwalin yakan bar ɓurɓushin kalsiyam a jikin sili, abin da ke sa gashi ya bushe ya yi ƙyamas bayan an daɗe ana amfani da shi.

Yanzu sai mu zo kan inda ɓarnar ta fi faruwa. Makonni huɗu zuwa shida bayan shafi, sabon gashi ya tsiro daga ƙasa da murɗewarsa da kaurinsa, tsohon kuma yana sama a miƙe, ya yi laushi, ya rage ƙarfi. Sili ɗaya ya zama mai hali biyu, kuma daidai mahaɗar nan, inda murɗaɗɗe ya gamu da miƙaƙƙe, nan ne wuri mafi rauni a duk tsawonsa. Idan mataji ya taho daga saiwa ya sarƙe a sabon tsiro, aka ja da ƙarfi, ba sabon ne zai tsinke ba, mahaɗar ce za ta ba da kai. Uwargida ta ga gashi a mataji, sai hankalinta ya tashi, ta ce kai ya isa shafi, ta nufi salun a mako na biyar.

A nan ne ake yin gyaran gangar auzinawa. A mako na biyar sabon tsiron bai fi santimita 1 ba. Babu mai hannun da za ta iya shafa mai a kan santimita 1 kacal, a duk faɗin kai, cikin 'yan mintuna, ba tare da ya zarce kan tsohon gashi ba. Saboda haka wurin da ya riga ya sha man sau ɗaya zai sake sha, kuma wannan wuri shi ne mahaɗar da ake kuka da ita. Bayan wata guda sai karyewar ta fi ta da, sai a sake komawa da wuri. Akwai ma masu salun da kan ja man tun daga saiwa har baki a kowane zuwa, wai don kai ya yi kyau bai ɗaya. A ganina babu wata al'ada da ta cinye gashin matanmu kamar wannan. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yin sabon shafi bayan wata biyu zuwa uku, kuma a kan sabon tsiro kaɗai. Ga mai son ma'auni mai sauƙin riƙewa, tsakanin ƙaramar Sallah da babba akwai kimanin kwana 70, wato mako 10. Wadda ta shafa don ƙaramar Sallah, to sai babba. Bikin ƙanwa ko sunan maƙwabciya da ya faɗo a tsakani ba hujja ba ce ta sake buɗe robar mai.

Ita ranar shafin kanta tana da dokokinta, waɗanda zan taɓa a gurguje domin su ne ke shata yadda makonnin da ke biye za su kasance. Kada a wanke kai ko a sosa shi ko a yi tsifa a kwanaki uku ko huɗu kafin ranar. A shafe fatar kai da gefen kunne da basilin, tsohon gashi kuma a lulluɓe shi da kwandishina ko mai don ya zama masa garkuwa. A duba agogo, a bi lokacin da aka rubuta a takarda, wanda galibi bai wuce minti 15 zuwa 20 ba tun daga fara shafawa. Maganar da ake yi cewa a daure sai ya yi zafi sannan ya kama, kuskure ce mai tsada, domin zafin alama ce ta cewa fata ta soma ƙonewa. Bayan an ɗauraye da ruwa mai yawa, a wanke da sabulun nan na musamman mai kashe kaifin man, a maimaita har sai kumfarsa ta daina sauya launi idan irin mai nuna launi ne. Kuma ba dole ba ne gashi ya miƙe sambal kamar tsinken tsintsiya. Wanda aka bar masa ɗan lanƙwasa ya fi ƙarko nesa ba kusa ba.

Tambayar da ta rage ita ce yadda za a kai mako na goma ba tare da gashin ya ƙare a mataji ba. Abu na farko shi ne danshi, kuma a nan akwai ruɗani da ya kamata a warware. Da yawa sun ɗauka mai shi ne danshi, sai su riƙa cusa basilin ko man kaɗanya a busasshen gashi, ya yi ƙyalli a ido alhali cikinsa a bushe yake. Ruwa shi ne danshi, mai kuwa murfi ne da ke hana ruwan gudu. Don haka tsarin shi ne a fara da ɗan ruwa ko man gashi mai ruwa-ruwa irin wanda ba a wankewa, a bi da ɗan mai kaɗan a kai, a fi mai da hankali ga mahaɗa da kuma bakin gashi, wanda shi ne mafi tsufa. Man kwakwa yana da wata fa'ida ta daban da aka tabbatar. Wani bincike da aka yi a Indiya aka wallafa a 2003 ya kwatanta shi da wasu mayuka biyu, aka ga shi kaɗai ne ya rage zubar furotin daga sili, saboda yana iya ratsawa ciki. Shafa shi sa'a guda ko kwana guda kafin wankin kai yana rage kumburin da ruwa ke sa wa gashi.

Wankin kai sau ɗaya a mako ko a mako biyu ya wadatar, da sabulun gashi mai sauƙi, a bi da kwandishina a kowane wanki, a bar shi ya jima a kai. Sabulun wanki da garin wanki da kanwa duk 'yan gida ɗaya ne da sodar da aka riga aka sha, don haka ba su da wuri a kan da ya sha rilaksa. Hatta sabulun salo, duk da sunan da ya yi, yana da kaifi ga irin wannan gashi. Karkashi, wanda iyayenmu suka daɗe suna wanke kai da shi, yauƙinsa yana taimakawa wajen warware sarƙewa ba tare da ja ba, kuma yana da araha. Idan gashi ya yi lagwab, yana miƙewa kamar roba in ya jiƙa, wannan alama ce ta yana bukatar kwandishina mai furotin, kamar sau ɗaya a wata ko wata ɗaya da rabi. Idan kuma ya yi tauri yana ƙaras-ƙaras, to danshi yake nema, ƙara masa furotin zai daɗa busar da shi.

Akwai abubuwa biyu da takardar cikin kwali ba ta san da su ba, domin ba don ƙasarmu aka rubuta ta ba. Na farko hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu danshin iska a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, iskar da ke tsaga leɓe da diddige kuwa ba za ta ƙyale gashin da ɓawonsa ya riga ya buɗe ba. A wannan lokaci danshin da ake ba gashi sau biyu a mako ya kamata ya koma kusan kullum. Na biyu kuwa, matar aure Musulma tana jiƙa kanta fiye da yadda masu haɗa man nan suka zata, saboda wankan ibada. Gashi ya fi rauni a lokacin da yake jiƙe. Abin da ke cutar da shi ba ruwan ba ne kaɗai, a'a, har da abin da ke biyo baya: a murje shi da tawul, a tamke shi da ribom yana ɗiga, a ɗora hula da hijabi a fita. Gara a matse ruwan a hankali da tsohuwar riga mai laushi, a shafa ɗan mai, a bar shi ya sha iska ko da na ɗan lokaci ne kafin a rufe.

Tun da an zo kan rufe kai, mu mutanen Arewa muna da wata riba a nan, domin gashin da ke ƙarƙashin kallabi ya tsira daga rana da ƙura. Sai dai atamfa da shadda auduga ce, tana tsotse danshi, kuma ɗaurin da ke zama a layi ɗaya na goshi tun safe har yamma yana goge gashin wurin a hankali. Hular siliki ko satin a ƙarƙashin ɗan kwali, da kuma wata a lokacin barci, ƙaramin abu ne mai babban amfani. Haka nan a riƙa sauya wurin da ake tufke gashi, yau ƙasa gobe tsakiya, kada kullum roba ta riƙa cin wuri ɗaya.

Taje kai kuwa, daga mako na shida gara a rage shi matuƙa. A fara warwarewa da yatsu, a raba kan gida huɗu ko shida, a yi amfani da mataji mai manyan haƙora, a faro daga baki a hauro zuwa saiwa, kuma a yi hakan a lokacin da kwandishina ke kai. Ƙaramin mataji mai ƙananan haƙora, wanda ake bi da shi don a kwantar da sabon tsiro, shi ne babban abokin gabar mahaɗa. Na'urar miƙar da gashi mai zafi ma haka, in ta zama dole to sau ɗaya a mako ya yi yawa ga gashin da ya riga ya sha sinadari. Ɗaura ɗan kwalin siliki a kan gashi mai ɗan danshi na minti 20 yana kwantar da gaban goshi ba tare da wuta ba.

Kitso yana iya zama mafita a makonnin ƙarshe, yana kuma iya zama musiba. Manyan kitso marasa tsauri, kamar shuku ko zane guda shida zuwa takwas da gashin mutum kaɗai, suna hutar da kai daga mataji. Amma abin da aka saba gani a lokacin biki, a shafa mai da safe a zauna gaban makitsiya da yamma a yi ƙananan kitso har da ƙari, wannan garin gyaran gira ne a rasa ido. Binciken Khumalo a Cape Town a 2007 ya gano cewa kusan kashi 32 cikin 100 na matan da aka duba suna da zubewar gashin gefen goshi irin wadda ja ke haddasawa, kuma rahoton da ya biyo baya a 2008 ya nuna haɗarin ya fi yawa a inda aka ɗora kitso mai ja a kan gashin da ya sha rilaksa. A bar aƙalla mako biyu tsakanin shafi da kitso, haka ma tsakanin shafi da rini. Kitson da ya hana barci, ko ya tayar da ƙananan ƙuraje a gefen goshi, a tsefe shi a ranar, kada a ce za a daure ya saki. Idan jan ya daɗe shekara da shekaru, saiwar takan mutu, kuma daga nan babu man da zai tsirar da ita.

Yana da kyau kuma a rarrabe karyewa da zubewa, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, wannan halitta ce. A ɗauki silin da ya fita a duba. Idan dogo ne, da ɗan farin kai a gindinsa, daga saiwa ya fito. Idan guntu ne babu farin kai, karyewa ya yi, kuma abin da muka yi bayani a sama shi ne maganinsa. Zubewa mai yawa daga saiwa takan biyo bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu, ko bayan zazzaɓi mai tsanani, ko ƙarancin jini, ko matsalar maƙoƙo. Mai jego da ta ga gashinta na zuba ta ruga ta shafa rilaksa, ta haɗa wa kanta targaɗe da karaya.

Ba zai yiwu a rufe wannan batu ba a ambaci abin da ya fito a Oktoban 2022 ba. Masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka sun bi mata 33,497 na kusan shekara 11, suka ga cewa waɗanda ke amfani da mayukan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa amfani da su wajen kamuwa da kansar mahaifa. A ƙiyasinsu, kashi 1.64 cikin 100 na marasa amfani da man za su kamu kafin shekara 70, masu yawan amfani kuwa kashi 4.05. Masu binciken sun bayyana cewa alaƙa suka gani, ba su tantance wane kamfani ko wane sinadari ba ne, kuma cutar ba mai yawa ba ce a cikin jama'a. Duk da haka, abin lura shi ne iyakar da suka yi amfani da ita, sau huɗu a shekara. Mai shafawa duk bayan mako 12 ko 13 tana kan wannan iyaka, mai shafawa duk wata kuwa ta ninka ta sau uku. Ƙuna da gyambon fatar kai kuma ƙofa ce da sinadari ke bi ya shiga jiki. Wannan kaɗai ya isa ya sa uwa ta dakata kafin ta shafa wa 'yar shekara biyar man nan don kawai tana kuka wajen kitso.

Wajen saye, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a guji wanda ake ɗiba daga babban bokiti marar suna a zuba a leda. Na kwali da aka riga aka gauraya ba a ajiye ragowarsa don wani watan. Wadda kuma ta ga tsakiyar kanta yana yin fili, ko fatar wurin ta yi sumul tana sheƙi, ko tana jin zafi da ƙaiƙayi da ba sa tafiya, ta dakatar da shafi gaba ɗaya ta nemi likitan fata, waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Irin wannan sanƙo mai barin tabo ana iya tsayar da shi idan an zo da wuri, amma wurin da ya riga ya yi tabo ba ya sake fitar da gashi.